Ilu Bar-ɗaya, Fatoman Masu Cinikin Hayaƙi

Duk wanda yake son ya san ta wace hanya Malam Ilu zai shiga daji gobe da safe, gara ya haƙura, don matarsa Hajaratu ma da ta tsufa tana dama masa kunu ba ta sani ba. Da ya idar da sallar asuba sai ya ɗaure gorar ruwa a bayan kekensa, ya soke 'yar wuƙarsa a ƙugu, ya fito ƙofar gida ya tsaya yana duban gabas da yamma kamar wanda ya kwana a garin baƙi. In ya ga idon wani a kansa, sai ya miƙe hanyar Maigatari, ya yi nisa, sa'annan ya karya ta cikin gonaki ya ɓullo ta inda ba a zata ba. Haka ya yi shekara talatin da ɗoriya yana gadin shingen darbejiyar da gwamnati ta dasa a arewacin garinmu, Garin Ishaƙa, a ƙasar Sule Tankarkar, domin ya tare mana iska da rairayi.

Ƙasa yake kallo in yana tafiya. Yakan ce jakin da ya shiga daji da sawu sama-sama ya fito da sawu mai zurfi, ba iska ya je sha ba. Gaisuwa ma ba ta tsira daga zarginsa ba. Ka ce masa ina kwana, ya amsa, ka wuce, babu komai. Amma ka tsaya kana tambayar iyali da gajiya da ƙafar da ta dame shi bara, to ka tabbata kafin azahar zai zagaya ta bayan gidanka ya ga ko akwai ɗanyen icce jingine da danga. Abin haushin shi ne, sau da yawa akwai.

Ni taubashinsa ne, uwata ƙanwar ubansa ce, saboda haka tun muna yara aikina zolayarsa, ba yabonsa ba. Na kuma san abin da zai ce in aka karanta masa wannan rubutu. Zai ce, me Nura yake nema a wurina? Ba na neman komai, Ilu. Ka ajiye aiki a watan jiya, ofis ya sallame ka da agogon bango da hoto, ni kuwa na ga bai isa ba.

Wannan zargi nasa a zauren ubansa ya sha shi. Kawu Abdulganiyu, Allah ya ji ƙansa, fatoma ne a kasuwar dabbobi ta Maigatari. Baƙo ya taso daga Damagaram ko can gaba da ita da shanunsa, babu mai taya masa ko ɗan maraƙi sai an ji wa ya tsaya masa. Fatoma shi ne mai tsayawar. Shi ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya san garinsu da sunan ubansa. In daga baya saniya ta zama ta sata, ba a bin baƙo cikin sahara, wuyan fatoma ake kamawa. Kawu yakan ce fatoma ba yarda da baƙo yake yi ba, sa masa ido yake yi, kuma tuwon da yake ba shi ma wata hanyar sa ido ce. Ilu bai gaji sana'ar ba, amma ya gaji idon.

Lokacin da ya kama aiki, malamin daji ba mutumin da ake so ba ne a ƙauye. Da tara aka san shi, da ƙwace gatari. Don haka in lokacin sassabe ya zo, manomi ba ya barin ko tsiro a gonarsa, domin a ganinsa bishiya a gona gayyatar malamin daji ce. Ilu ya riƙa bin mutane gona-gona da wuƙarsa. Sai ya tsuguna gaban kututturen gawo ko kalgo da ya yi toho, ya zaɓi tsiron da ya fi miƙewa, ya share sauran, ya ce da mai gona ya bar wannan ɗaya. Maganarsa guda ce kullum, har mata a cikin gida suka haddace ta: abin da ka bari a gonarka naka ne, kai da 'ya'yanka, shi na gwamnati kaɗai aka ba shi gadi. Daga nan sunan Bar-ɗaya ya bi shi, kuma da farko ba'a ce ake yi masa.

Ba su yarda da shi nan da nan ba, shi ma bai yarda da su ba. Sukan bari a gabansa, ya juya baya su sare, shi kuma ya san za su sare, sai ya dawo bayan kwana biyu ya sake tsugunawa. Iska ce ta raba gardama. Wata shekara iskar farkon damina ta riƙa tasowa gaban hadari tana binne shuka, aka yi ta maimai har iri ya ƙare a rumbuna, amma gonakin da aka bar wa bishiyoyi geronsu ya tsaya. Daga wannan shekarar mutane suka fara bari ba tare da an tsuguna musu ba.

Mu da muka tashi a nan mun ga dajin nan ya sake fuska a kan idonmu. Ɗorawa da kanya da ɗinya da muka ci muna yara sun tafi ɗaya bayan ɗaya, wasu gatari ya ci su, wasu haka kawai suka bushe a tsaye. Damina ta daina cika alkawari. Ta makara, in ta zo ta zo da fushi, sa'annan ta ɗauke gero yana tsakiyar fitar da kai. Igiyar guga kullum ƙari ake yi mata. Abin da ya rage mana na inuwa a gonaki, gawo da aduwa da bagaruwa da kalgo, yawancinsa daga waɗannan tsirai ne da Ilu ya roƙa aka bari.

Habibullah, wanda manomi ne kuma dillalin dabbobi a Maigatari, shi ya ba ni labarin ragon masu gawayi. Habibullah ba masoyin Ilu ba ne, shi ya sa na yarda da labarin. Ya ce wasu masu yin gawayi sun kai wa Ilu rago gab da babbar salla, suka ce sadaka ce. Ilu ya karɓa, ya yi godiya, ya ja ragon har ƙofar gidan dagaci ya ɗaure, ya zauna kusa da shi yana gaya wa duk mai wucewa sunayen masu sadakar da ɓangaren dajin da suke son a ba su lada a ciki. Kafin la'asar suka aiko aka kwance musu abinsu.

Kai ne, Ilu, ka bar wa mata busasshen icce su tsinta ba tare da fargaba ba, ka ce wuta a murhu ba laifi ba ce. Kai ne ka tsayar da ƙanen dagaci da ɗanyen reshe a kan amalanke, ka sa ya sauke a gaban jama'a. Bar-ɗaya na Hajaratu, mai ganin sawu a inda wasu ke ganin rairayi. Amma ba don waɗannan na ɗauki alƙalami ba.

'Yan shekarun baya, da rani, wata mota ta tsaya a ƙofar gidan dagaci. Mai magana a cikinsu wani ne Abdulfatah, mutumin Gumel, magidanci mai ladabi, yana wakiltar wani kamfani da har yau ban iya riƙe sunansa ba. Ya ce masana'antu da jirage da motocin manyan ƙasashe suna tura hayaƙi sama, kuma hayaƙin nan ne yake ƙara wa duniya zafi yana rikita damina. Ya ce bishiya tana shaƙar wani abu daga cikin hayaƙin, sunansa kabon, ta mayar da shi icce, ta adana shi a gangar jikinta da rassanta da saiwarta. Muddin tana tsaye yana ɗaure, in aka sare aka ƙone sai ya koma sama. Ya ce yanzu akwai kasuwar da masu hayaƙi suke biyan masu bishiya don su bar ta tsaye. Ba za a ɗauki ko ganye ba. Za a auna kawai, a riƙa dawowa ana sake aunawa, har jariran yau su yi gemu.

 Mu mutanen kan iyaka ne, babu irin cinikin da ba mu gani ba, na fili da na bayan fage, amma ba mu taɓa ganin mai saye ya biya ya bar kaya a hannun mai shi ba. Wani ya ce wannan ai cinikin biri a sama ne. Wani ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Liman Zakiyyu ya ce shi sai ya duba tukuna, ko ya halatta a sayar da abin da ido ba ya gani, hannu kuma ba ya miƙa shi.

Ilu ya fi kowa tambaya. Ya ce in fari ya kashe bishiya bayan an biya, hayaƙin wa ya tsere, nasu ko namu? In rani ya yi tsanani mutum ya sassaro wa akuyarsa reshen gawo, amanar wa ya ci? Su kuma masu hayaƙin, ragewa za su yi, ko juji suka samu? Abdulfatah ya amsa ta farko da ta biyu iyakar saninsa. Da aka zo ta uku sai ya ce, "Baba, wannan kam ban sani ba." Daga baya Ilu ya gaya mini cewa a duk zaman nan, wannan ce kaɗai maganar da ta kwanta masa.

Sai ofis ya aiko wa Ilu cewa ya zagaya da baƙin. Ya bi umarni. Suka fara da shingen gwamnati, suka shiga gonakin waɗanda suka ce a gwada. Su zagaya bishiya da igiyar awo daidai ƙirjin mutum, su rubuta, sa'annan su shafa mata jan fenti a wurin, don in an dawo baɗi a san inda aka auna. Wani ɗan ƙaramin jirgi mara matuƙi yana ta shawagi a sama yana ɗaukar hoto.

Jan fentin nan shi ya ɓata komai, kuma Abdulfatah ba shi da yadda zai sani. Muna da 'yan'uwa mata da ke aure a wani gari mai ɗan nisa da mu, inda aka taɓa zuwa da turaku masu jan kai aka kakkafa a gonaki, aka ce awo ne kawai. Daga baya gonakin suka bar hannun masu su. Matan nan sun zo ganin gida sun ba da labari da hawaye, kuma babu gidan da bai ji ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutane suka zauna suka yi lissafinsu irin na wanda ya tsorata: ja alama ce, alamar a jikin bishiya take, in babu bishiya babu alama, in babu alama babu abin da za a kama gona da shi.

Sa'annan aka tuna wanda yake gaba yana nuna wa baƙi hanya. Magana ta fara yawo a majalisa da bakin rijiya cewa ashe duk shekarun nan na bar ɗaya, bar ɗaya, kiwo Ilu ya sa aka yi wa wasu, yanzu dabba ta yi ƙiba ya kawo mahauta. Aka ce an saye shi. Har adadin abin da aka ba shi wasu sun sani, ko da yake kowa da nasa adadin. Masu yi masa doguwar gaisuwa suka daina gaishe shi gaba ɗaya.

Ranar wata Alhamis, rabin gari ya tafi kasuwar Maigatari, Ilu kuma yana can ƙarshen shinge, sai gatura suka fito. Habibullah ya ƙi zuwa kasuwa ranar, shi ya fara. Kafin Ilu ya dawo, gawo nawa ne a ƙasa, manya, waɗanda shi ya zaɓe su suna tsirai kamar yatsa. Gawo kuwa da rani yake yin ganye, don haka faɗuwarsa biki ce a wurin awaki, suka yi caa a kan rassan suna ci. Na tarar da shi tsaye a gefen gonar Habibullah, riƙe da kekensa. Na ce masa ai kai malamin daji ne, ka hana su mana. Ya ce da wane baki? Shi ya yi shekara talatin yana gaya musu nasu ne. In ya ƙwace gatari yau, ya tabbatar da abin da suke zargi, in ya ƙyale, kafin damina gonakin garin nan sun koma fili. Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba, kuma ban iya zolayarsa ba.

Washegari bayan la'asar aka taru a ƙofar masallaci. An kira Abdulfatah ya zo daga Gumel. Ya yi bayani, ya rantse, ya ce fenti fenti ne kawai, babu mai taɓa gonar kowa. Babu wanda ya motsa, don waɗancan ma haka aka gaya musu. Sai Habibullah ya miƙe, bai ko dubi baƙon ba.

"Malam Ilu, kai ɗan fatoma ne," in ji shi. "A Maigatari ko tunkiya baƙo ba ya sayarwa sai da wanda ya tsaya masa. Wannan baƙon naka, wa ya tsaya masa?"

Dagaci ya sunkuya yana gyara takalminsa. Abdulfatah ya buɗe baki zai ambaci kamfani da gwamnati, wani dattijo ya ɗaga masa hannu, don kowa ya san ba a kama wuyan kamfani. Ilu ya daɗe yana kallon ƙasa kamar mai bin sawu, sa'annan ya ce, "Ni na tsaya masa."

Habibullah ya ce, wato ka yarda da su ke nan.

"Ban yarda da su ba," in ji Ilu. "Ubana bai taɓa tsaya wa mutum don ya yarda da shi ba. Gonata ta gado tana nan gabas da gari, kun san ta. Duk wanda aka karɓe wa gona saboda bishiyar da ya bari, ya zo ya shiga tawa. Liman, ka zama shaida."

Habibullah ya ce gona ɗaya ba ta biyan gonakin gari. Ilu ya ce shanun Kawu ma ba su isa biyan na dukan baƙinsa ba, abin da fatoma yake ba da tabbaci a kai shi ne ba zai gudu ba, kuma in asara ta zo daga gidansa za ta fara. Dattawa suka gyaɗa kai, don wannan harshe ne da suka sani. Liman Zakiyyu ya kira mutum biyu suka shaida, aka shafa fatiha. Daga ranar ba a sake jin gatari a gonakin garinmu ba.

A gida kuwa wata wutar ce ta tashi. Gonar nan ita kaɗai gare su, ita za su koma wa in aiki ya ƙare, kuma aikin ya kusa ƙarewa. Hajaratu ta ce ko fatoman gaske yana da la'ada, shi Malam ya je ya jinginar da tuwon 'ya'yanta a kan hayaƙin mutanen da ko sunan garinsu bai sani ba. Ta aiko aka kira ni, ta ce ni ne nake iya gaya masa magana, in je in sa ya janye tun abin bai yi nisa ba. Gaskiya ni ma ina bayanta, tsoro nake ji masa. Na je na yi masa magana mai tsawo, har da misalai. Ya saurara har na gama, ya ce wa ya aiko ka?

Daga nan ya shiga aikin fatoma sosai. Ya ce da Abdulfatah daga yau in ya zo garin nan, a zaurensa zai sauka, tuwonsa zai ci. Ya ce kuma ba a tsaya wa mutumin da ba a san gidan ubansa ba. Abdulfatah ya ɗauka wasa ne, sai da ya ga tsoho ya saka babbar riga ya shiga gaban mota. Suka je Gumel. Uban ya rasu, uwar tana nan, Hajiya Asama'u. Ilu ya zauna a zaure, ta tsaya daga bakin ƙofa suka gaisa, ya ce, "Hajiya, na sa gonata a kan maganar ɗanki. Su kamfani ban san inda suke ba, amma yanzu na san nan." Hajiya ta ce ta ji, ta kuma kira ɗanta ciki, suka daɗe. Abdulfatah da kansa ya gaya mini cewa ya fito daga ɗakin uwarsa ranar yana jin cinikin nan ya fi masa nauyi fiye da duk takardun da ya sa wa hannu.

Maganar fenti ma Ilu ya sauya ta. Ya ce baƙo ba zai sake shafa wa bishiyar wani alama ba. Mai awo ya nuna wurin, mai bishiya ya riƙe buroshi ya shafa da hannunsa, maƙwabtan gonarsa suna tsaye, kamar yadda mutum yake yi wa dabbarsa alama. Fentin bai canza ba, jan nan ne dai. Amma na ga tsofaffi suna shafawa har da gyara gefe.

Bayan shekara guda saƙo ya zo daga kamfani cewa kada a sake sassabe reshen duk bishiyar da aka auna. A wurinmu wannan daidai yake da a ce awaki su yi azumin rani, don ganyen gawo da 'ya'yansa su ke riƙe dabba kafin ciyawa ta fito. Idanu suka sake komawa kan Ilu. Ya kira Abdulfatah, waya ba ta shiga. Ya sake kira washegari, shiru. Bai yi fushi ba. Ya hau motar Gumel ya je ya shimfiɗa buzunsa a zauren Hajiya Asama'u, ya ce ya zo jiran ɗanta ne, ba ya sauri. Kafin a kira magariba Abdulfatah ya iso daga inda yake, yana ba da haƙuri. Me ya je ya gaya wa shugabanninsa, ban sani ba. Abin da na sani shi ne an janye maganar, aka ce a ci gaba da rage reshe yadda aka saba, kada dai a kashe bishiyar.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa cinikin nan alheri ne. Ban sani ba, kuma ban yarda da duk wanda ya ce ya sani ba. Wani abu ya iso hannun mutane, bai kai yadda aka kwatanta ba. An ce farashin kabon yana hawa yana sauka a wata kasuwa da babu ɗayanmu da ya taɓa taka ta, kuma tsakaninmu da mai hayaƙin akwai dillalai da ba mu san iyakarsu ba, kowa da la'adarsa. Zafi bai ragu ba. Bara darbejiya da dama sun bushe daga sama a cikin shingen, kuma har yau babu wanda ya amsa wa Ilu tambayarsa ta uku. Abin da zan iya shaida shi ne zuwa yau ba a karɓi gonar kowa ba, kuma bishiyoyin da suka tsira ranar Alhamis ɗin nan suna tsaye.

Da ya ajiye aiki, gari ya yi masa walima a ƙarƙashin babban gawon gonarsa, gonar da ya jinginar. Mata suna gefe a wata inuwar da ƙwaryar fura. Bayan addu'a Liman Zakiyyu ya ce dattawa sun yi shawara: mutum ya tsufa, albashi ya tsaya, ba shi da abin dogaro sai wannan ƙasa, bai kamata a bar ta a rataye ba. Habibullah, wanda shi ya ɗora masa kayan, shi aka sa ya sauke. Ya miƙe ya ce, Malam Ilu, mun sake ka, gonarka taka ce babu sharaɗi. Daga can gefe Hajaratu ta rangaɗa guɗa.

Ilu ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Me kuka ji wanda ban ji ba?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce wa'adin mutanen nan bai ƙare ba, da saura mai yawa. Aikin gwamnati ya ajiye, ba maganarsa ba. "Ranar da gonata ta fita daga ciki, ranar zan saki jiki," in ji shi, "kuma ranar za a cuce mu. Ku bar ta yadda take." Na waiwaya wajen mata. Hajaratu ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ban san ko kuka take ba ko takaici.

Habibullah bai zauna ba. Ya daɗe a tsaye yana murza hularsa, sa'annan ya ce, "To, Liman, a haɗa da tawa. Ba ta da inuwa, ni na sare da hannuna, amma gona ce." Wasu dattawa suka bi bayansa, kowa ya ambaci tasa. Ilu bai ce an gode ba. Ya ce da Habibullah ba a karɓar jingina sai an ga kaya, gobe zai zo ya duba.

Wannan ne karo na farko da kowa a Garin Ishaƙa ya san hanyar da Ilu zai bi da safe. Ni ma na bi su. Ya zagaya kututturan nan, manyan sun mutu murus, amma a gefen wasu saiwa ta turo 'yan tsirai masu ƙaya. Ya tsuguna da ƙyar, don gwiwa ta fara gardama, ya zaro wuƙarsa ya share na sharewa, ya ɗago ya dubi Habibullah. Bai ma buɗe baki ba Habibullah ya ce, "Na sani, Malam. Zan bari."

Ku da za a zo garuruwanku da igiyar awo da gwangwanin fenti, don za a zo, kada tsoro ya sa ku ɗauki gatari, kada kuma zaƙin baki ya sa ku saki jiki. Ku tambayi wanda ya tsaya, ku san gidan uban mai magana. In kuma kun waiwaya babu mai tsayawa, ku tuna akwai wani tsoho a arewacin Sule Tankarkar da ya tsaya da gonarsa guda ɗaya, a kan mutanen da shi kansa bai yarda da su ba, don kada a sare abin da ya roƙa aka bari.

Allah ya saka maka da alheri, Ilu, ya ba Hajaratu ladan haƙuri, ya kuma bar muku gonarku har jikoki. Na gode maka, ni da awakina da ke kwana a ƙoshe da rani. Na san gaisuwar nan ta yi tsawo. Kana iya zagayawa ta bayan gidana ka duba.